Aguwar Garkar Babanmu

Na daɗe ina jinkirin wannan rubutu. Nakan sayi bik a kasuwar Madawa da niyyar farawa, in dawo gida in bar shi cikin aljihun riga har tawadarsa ta bushe. Abin da ke hana ni shi ne tsoron kada in faɗi wani abu game da icce wanda ba daidai ba, wani ya karanta ya je ya aikata, shukarsa ta mutu, alhaki ya hau kaina. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, satifika ma ban samu ba, don ranar jarrabawa na tsaya sake duba amsoshin farko har aka karɓe takardu. Da na gaya wa mai ɗakina cewa a kan aguwa zan yi rubutu, dariya ta yi, ta ce duk itatuwan Allah ban ga na yabo ba sai wanda ko akuya ba ta kula shi. Amma ina da tambayar da nake son yi wa jama'a, kuma ba za a gane ta ba sai an ji abin da ya gabata. Shi ya sa na daure.

Ga wanda bai san aguwa ba, wata ƴar itaciya ce mai rassa masu kauri, launin toka, masu taushi a hannu. In ka karya reshe, wani farin ruwa kamar nono yake fitowa, mai danƙo. Ba ta da ƙaya, ba ta da inuwar da mutum zai zauna, ba a cin ƴaƴanta, ko a murhu mata ba su sonta. Da rani takan zubar da ganye duka ta tsaya tsirara, wanda bai sani ba sai ya rantse ta mutu. Tun ina yaro nake ganinta a bakin burtali, hanyar da ake bar wa dabbobi tsakanin gonaki, da kuma kewayen maƙabartar garinmu. Ban taɓa tsayawa na dube ta ba.

Garinmu yana gefen Deule, kuma babanmu ya bar mana garka a bakin kwari, da rijiya ɗaya marar zurfi. In an gama aikin hatsi, can muke komawa, mu yi albasa da tumatir da ɗan salati. Burtali ya bi ta gabas da ita, jiki da jiki. Kowace shekara babanmu yakan saro ƙaya ya yi shinge, gara ta cinye gindin, iska ta kwantar da sauran, da kaka ya sake. Zuwa lokacin da ya rasu, ƙayar kusa ta ƙare, sai an yi nisa, kuma ma'aikatan gandun daji ba su yarda a sari icce mai rai. Shingen waya kuwa ya fi ƙarfina.

A lokacin ɗari na farko bayan rasuwarsa, na je sallar Juma'a na dawo na iske shanu cikin garka. Ba su bar komai ba. Abin da ba su ci ba sun tattake. Wana, wanda ya daɗe yana bida, wato neman kuɗi, a Abijan, da labarin ya kai masa sai ya kira ni a waya.

"Kai, bar wahalag ga," ya ce. "Ka taho nan, akwai wurin kwana, akwai aiki. Garka ta bi mai ita."

Ni kuwa ban taɓa wuce Ƙonni ba. In na shiga mota zuwa Madawa ma, sai na tambayi direba ko birki na ci. Da na tuna iyakoki da takardu da garin da ba a jin Hausa, sai barci ya ƙaurace mini. Ga Inna ta tsufa, ni kaɗai ne namiji a gida. Amma maganar wana tana da hujja: hatsin damina ba ya kai mu shekara, garka ce ke cike gurbin, in babu ita dole wani ya fita. Na roƙe shi ya ba ni lokaci in gyara shinge. Ya ce to.

Cikin shanun da suka yi ɓarnar akwai na Baffa. Baffa Bafillace ne, abokin babanmu tun ƙuruciya, yana noma yana kiwo, rugarsa tana bayan tudu. Kwana biyu da faruwar abin ya zo da sandarsa a kafaɗa, ya yi mini jaje, ya ce a faɗi abin da zai biya. Na ce ba zan karɓi komai daga abokin babana ba. Ya tsaya yana kallon tarkacen ƙayar, ya taɓa ta da sanda, ta zube.

"Wagga ita ce shingen?" ya ce. "Ko kaza ta yi atishawa ta kada shi. Sau nawa nic ce ma babanka shi dasa aguwa, shina ce mini iccen maƙabarta ne. Ku Kaɗo akwai taurin kai."

"Baffa, aguwa ko ƙaya ba ta da."

"Saniya ba ƙaya ɗai taka tsoro ba. Ta san abin da bakinta ba shi so. Ka bari bazara ta yi, ka zo ka saro a gonata."

Da bazara ta yi, lokacin da zafi ke hana jaki kuka, na je da adda da amalanke. Shingen gonar Baffa ya fi tsayina, ya haɗe kamar bango, babu ganye ko ɗaya. Ya nuna mini rassan da zan sara, masu kai wa ƙugu, ya ce in kawar da fuska kada nonon ya fantsamar mini a ido. Ya ce in zuba su a inuwa su yi ƴan kwanaki har bakin saran ya bushe, sannan in haƙa rami doguwa, in jera su kusa da kusa, in mayar da ƙasa in taka.

"Daga nan fa?" na ce.

"Daga nan ka tahi gida."

"Ruwa fa, Baffa?"

"Ba ta sha."

"Ko kaɗan?"

"Kai ɗan nan, kunnuwanka na ado ne? Nic ce ba ta sha."

Na ji shi sarai, ba zan ce ban ji ba. Na yi duk abin da ya ce har zuwa taka ƙasa. Amma ni ɗan garka ne. Tun ban kai tsayin bakin rijiya ba babanmu ya koya mini cewa ba a dasa abu a juya masa baya, kuma mai garka ba ya cin tuwo shukarsa na jin ƙishirwa. Da na dawo washegari na ga sandunan nan a jere cikin rana, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, sai zuciyata ta ƙi. Na ce a raina, Baffa makiyayi ne, shanu ya sani, mutumin da ke barin gonarsa ga Allah ya tafi da garke ina zai san ban ruwa? Wataƙila tasa ta rayu ne don ƙasarsa ta fi sanyi. Wataƙila "ba ta sha" yana nufin ba ta sha da yawa. Na ɗauko arozuwar, gwangwanin nan mai hanci da muke ban ruwa da shi, na ba su kaɗan. Da yamma na ga ƙasar ta bushe, na ƙara.

Haka na yi ta yi safe da yamma. Rijiya ta ja baya a lokacin, sai na jira ruwa ya taru kafin in sa guga. Mai ɗakina ta ce, "Malam, garka babu komai ciki, mi kaka shayarwa kullum?" Na ce shinge. Ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

Wuri ɗaya ne ban shayar ba. A kusurwar arewa akwai tsohon suri, kuma ranar da nake haƙa rami na ga kububuwa ta shige cikinsa. Daga ranar ban ƙara kusantar wurin ba. Nakan tsaya daga nesa in dubi sandunan da ke gefen surin, in ji kunyarsu, in ce waɗannan na zalunce su saboda tsorona.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Shingen Baffa ya yi kore, nawa shiru. Wata safiya na kama reshe ɗaya in gwada ko ya yi saiwa, sai ya biyo hannuna ba gardama. Gindin ya yi baƙi, ya narke kamar dafaffiyar kabewa, ga wari. Na zaro na kusa da shi, haka. Na bi layin ina zarowa har na gaji. Da na ɗaga kai, can gefen suri na hango kore. Sandunan da na yi wa rowar ruwa, su kaɗai suka kama, kowanne da tuntun ganye a kansa.

Baffa ya zo wucewa da shanu ya iske ni zaune cikin ruɓaɓɓun rassa. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya jefar.

"Ka ba ta ruwa."

"Kaɗan, Baffa."

"Kaɗan? Wagga ko kihi anka sa mata ya rayu. To waccan ta gun suri, mi ya hana ka kashe ta?"

Na gaya masa zancen kububuwa. Ya yi dariya har ya dogara da sandarsa, shanun suka tsaya suna kallonmu.

"Ashe maciji ya hi ka iya garka! Ka kai mishi goro, shi ne malaminka."

Da ya gama dariya ya zauna kusa da ni, ya kama wani ɗanyen reshe ya matsa shi a tafin hannuna. Ya ce in ji nauyinsa. Ya ce aguwa da guzurinta take tafiya, ruwan da za ta sha har ta yi saiwa yana cikin jikinta, abin da take nema ga mutum kawai ƙasa busasshiya da a ƙyale ta. Na ce to bari in sake sarowa gobe. Ya ce ina, damina ta shiga, wadda aka dasa cikin ruwa ruɓewa take yi, sai wata bazarar.

Shekarar nan ta tafi a banza. Na tattara ƴar ƙayar da na samu da karan dawa na toshe, na yi ta gadi, amma mutum ba ya zama wuri ɗaya kamar turke. Ranar da na kai Inna likita a Buza, awaki suka shiga suka gama da irin albasar. Wana ya sake kira, wannan karon babu wasa a muryarsa. Ya ce shi kaɗai yake ɗauke da gida biyu, ya gaji. Ya ce ya ba ni lokacin ɗari mai zuwa a matsayin na ƙarshe, in garka ba ta ba da albasa ba, in shirya jakata, shi zai aiko da kuɗin mota. Ban yi musu ba, don gaskiyarsa ce.

Bazara ta dawo, na koma gonar Baffa da adda. Wannan karon layi biyu na yi, na cusa su sosai, har gefen surin na haɗe, ina haƙa ina karanta duk addu'ar da na sani. Da na dawo gida na leƙa inda nake rataye arozuwar, babu ita.

"Ina arozuwar?" na tambayi mai ɗakina.

"Na ba da aro."

"Wa kika ba?"

"Innarmu."

"Innarku da ke Urno? Mi za ta yi da ita, tana da garka ne?"

"Tana da tunkiya mai son wanka," ta ce, tana ci gaba da tankaɗe. "Gugan ma ya bi ta. Sai damana su dawo."

Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar zaman nan ba. Kowace safiya nakan je garka in zauna a bakin rijiya, hannuwa tsakanin gwiwoyi, ina kallon sandunan. Suka yi ta yamushewa, fatarsu ta tattare kamar ta tsohuwa. Na fara kankare bayansu da farce don in ga ko akwai ɗanye a ciki, yau wannan gobe wancan, har Baffa ya ga tabon ya ce in na ƙara zai ɗaure mini hannu da igiyar maraƙi. Ruwa kuma ya yi jinkiri a shekarar, aka fita roƙo, hadari ya taso ya watse. Na lissafa abubuwan da za su iya kashe ta: zafi, gara, ramin da wataƙila bai yi zurfi ba, kwanakin inuwa da wataƙila sun yi yawa ko sun yi kaɗan. Har na fara tambayar waɗanda suka dawo daga Abijan yadda ake yin takardun tafiya.

Wata safiya iska ta juyo daga kudu, mai ɗan laima, irin wadda ke sa gishiri ya jiƙe a kwano. Ko ɗigo bai sauka ba tukuna, ƙasa tana nan yadda take. Na isa garka na ga kamar an yayyafa wani abu a kan sandunan. Na matsa. A ƙarshen kowane reshe wasu ƴan ganyaye ne suka ɓullo, sirara, kore shar, ba su kai farcen jariri ba. Na bi layin daga kudu har arewa ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda ba su yi ba, amma mafi yawa sun yi. Icce da aka sare daga uwarsa, aka yar a inuwa, aka cusa cikin ƙasa mai zafi ba a ba shi ko kurɓi ba, shi ne ya ji ƙamshin damina kafin mu, ya fito tarbarta. Na tsaya a wurin ina ta faɗin Subhanallahi. Sannan na koma gida da sauri na kira mai ɗakina ta zo ta gani, don ban yarda da idona ni kaɗai ba. Ta zo ta duba, ta ce, "To, ka ga abin da tunkiyar Innarmu ta yi maka."

Damina ta yi, aguwa ta yi rassa ta fara kama juna. Duk da haka shingen shekara ɗaya ba bango ba ne, wannan dole in faɗa don kada wani ya dogara da shi. Na saƙa karan dawa a tsakani, na sa ƴar ƙaya a ƙasa inda ƴan awaki ke iya kutsawa. Na zuba irin albasa, ya tsiro, na dasa.

Ranar da aka saki gonaki ga dabbobi bayan girbi, Baffa ya aiko cewa zai bi ta burtali da hantsi. Na riga shi zuwa, na tsaya cikin garka da sanda. Garken ya taho, a gaba wata jar saniya mai dogayen ƙahoni, wadda na gane tun ɓarnar farko. Ta hango koren albasa ta saman shinge, ta ratse ta nufo shi. Na ɗaga sanda, Baffa ya daka mini tsawa daga baya.

"Aje sandan nan! Bari ta gaida ta."

Saniyar ta sa hanci cikin rassan, ta shinshina, ta tura kaɗan. Wani reshe ya karye, nonon ya taɓa mata baki. Ta yi firji, ta girgiza kai, ta juya ta bi hanya, sauran suka bi ta. Baffa ya wuce yana kaɗa sanda, ko tsayawa bai yi ba, sai da ya yi nisa ya waiwayo ya ce in gaida malamina na cikin suri.

A ɗarin nan ɗan akuya ɗaya ya samu kafa ya shiga ya ci salati, na toshe wurin. Ban da shi babu abin da ya taɓa garkar. Albasa ta nuna, muka cire, na kai Madawa a amalanke. Daga kasuwar na kira wana na gaya masa. Ya ce, "To, zauna. Dama kai ko ka zo, bakin titi za ka tsaya kana jiran motocin Abijan su ƙare kahin ka ƙetare." Na zauna. Da ajalin Inna ya zo bayan wasu shekaru, ina gefenta.

Yanzu shingen ya wuce kaina. Ya tare yashin da iska ke turowa daga tudu, har ƙasa ta taru a gindinsa ta waje. Tsuntsaye suna sheƙa a ciki. Ban taɓa zuba masa taki ba, ban ƙara ba shi ruwa ba, kuma na bar tazarar taku guda tsakaninsa da fangalin albasa don kada ruwan ban ruwa ya kai gare shi. Da bazara nakan rage rassan da suka yi yawa, in ba maƙwabta, in gaya musu su kiyaye idanunsu, su wanke hannu kafin su ci abinci, kuma kada su shayar. Nakan maimaita har su gaji da ni. Wani lokaci da rani, in na gama aiki, nakan tsaya in dube ta a tsaye tsirara cikin rana, ba ta neman komai wurin kowa. Ni da kullum nake cikin fargabar abin da bai zo ba, ganinta yana kwantar mini da hankali.

Ga tambayata. Bara na lura tsofaffin da ke gefen suri, waɗanda suka rayu tun dashen farko, wasu rassansu sun fara bushewa daga ciki. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji holoƙo, akwai ƴan ramuka ƙanana a jiki da wani gari kamar dusa a ƙasa. Bana abin ya matsa zuwa na kusa da su. Ban sani ba ko tsufa ne, ko tsutsa, ko gara daga surin, ko kuwa laimar injin ban ruwa da maƙwabcina na arewa ya sa ce take ratsowa ta ƙarƙashin ƙasa. Baffa ya rasu, Allah ya jiƙansa, da shi zan tambaya. Ina roƙon duk mai tsohon shingen aguwa, a Keita ko Buza ko Urno ko wani wuri, wanda ya taɓa ganin irin wannan, ya aiko da abin da ya sani ta hanyar da wannan rubutu ya iske shi. Shekara nawa aguwa take yi kafin ta gaji? Ana sare masu ciwon a ƙone, ko ana barinsu? In za a sake dasawa a gurbinsu, sai an canza ƙasar? Har yanzu ban taɓa komai ba, adda tana rataye, don na san hannuna. Amma bazara ta kusa, kuma in akwai abin da ya kamata a yi, a cikinta ake yinsa.